Ostireliya: Yadda rikicin makamashi ya riƙa cin kujerar Firayim Minista

A ranar Juma'a 24 ga watan Agustan 2018, 'yan majalisar dokoki na jam'iyyar Liberal mai mulkin Ostireliya suka shiga wani ɗaki a ginin majalisa da ke birnin Canberra suka rufe ƙofa. Da suka fito, ƙasar ta sami sabon Firayim Minista. Scott Morrison, wanda yake riƙe da ma'aikatar kuɗi, ya kayar da tsohon ministan cikin gida Peter Dutton da ƙuri'a 45 da 40, ya gaji Malcolm Turnbull.

Wannan ne karo na huɗu cikin shekaru takwas da jam'iyya mai mulki ta tuɓe shugaban gwamnati da hannunta, ba tare da an tambayi masu zaɓe ba. A kusan kowane karo, batun kuɗin wutar lantarki, da kwal, da hayaƙin da ke ɗumama duniya yana cikin abubuwan da suka hura wutar rikicin.

Tsarin mulkin ƙasar ne ya ba da damar haka. Kamar yadda Nijeriya ta yi a jamhuriya ta farko, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, jama'a 'yan majalisa suke zaɓa, shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar wakilai kuma shi ke kafa gwamnati. Duk ranar da 'yan jam'iyyarsa suka juya masa baya, mulkinsa ya ƙare. Bugu da ƙari, wa'adin majalisar wakilai shekaru uku ne kacal, don haka ɗan majalisar da ya ga farin jinin shugabansa na raguwa ba ya da lokacin yin haƙuri.

Arzikin da ya zama ƙadangaren bakin tulu

Ostireliya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayar da kwal da iskar gas a duniya, tashar jiragen ruwa ta Newcastle kuma ta shahara a matsayin wadda ta fi kowace fitar da kwal. Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya na daga cikin manyan masu saye. A shekarun 2000, kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar lantarkin ƙasar daga kwal ake samar da ita, kuma garuruwa da dama a jihohin Queensland da New South Wales da Victoria da ma'adinin suke rayuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma, ƙasa ce mai fama da fari da gobarar daji. Farin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009 ya kai ga taƙaita amfani da ruwa a manyan birane, ya kuma sa batun sauyin yanayi ya shiga bakin kowa. A ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da cibiyar Lowy ta gudanar a 2006, kashi 68 cikin ɗari sun ce a ɗauki mataki nan take, ko da zai ci kuɗi masu yawa.

A cikin wannan yanayi Kevin Rudd na jam'iyyar Leba ya kayar da John Howard a watan Nuwamban 2007, bayan Mista Howard ya shafe fiye da shekaru 11 yana mulki. Aikin farko da sabon Firayim Ministan ya yi a ranar da aka rantsar da shi shi ne sa hannu kan takardar amincewa da yarjejeniyar Kyoto.

Faɗuwar Rudd

Shirin Mista Rudd shi ne a ƙayyade yawan hayaƙin da masana'antu za su fitar, a kuma tilasta musu sayen takardun izini, waɗanda za su iya sayarwa a tsakaninsu. Majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin har sau biyu a 2009. Abin mamaki, jam'iyyar Greens ta masu rajin kare muhalli tana cikin waɗanda suka ƙi shi, bisa hujjar cewa burin rage hayaƙi da kashi 5 cikin ɗari ya yi kaɗan. An daɗe ana yi wa jam'iyyar gorin wannan ƙuri'a.

Wanda shirin ya fara ci ma ba ya cikin gwamnati. Malcolm Turnbull, jagoran 'yan adawa a lokacin, ya yarda ya mara wa ƙudurin baya bayan an yi masa gyare-gyare. 'Yan jam'iyyarsa masu ra'ayin riƙau suka yi masa bore, kuma a ranar 1 ga Disamban 2009 Tony Abbott ya karɓe shugabancin jam'iyyar Liberal da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 42 da 41.

Taron sauyin yanayi na Copenhagen ya watse a wannan watan ba tare da wata yarjejeniya mai ƙarfi ba. A watan Afrilun 2010 Mista Rudd ya jingine shirinsa. Mutumin da ya taɓa kiran sauyin yanayi babban ƙalubalen ɗa'a na wannan zamani ya yi amai ya lashe, kuma nan take farin jininsa ya fara zubewa. Kwanaki kaɗan bayan haka ya ɓullo da harajin kashi 40 cikin ɗari kan ribar da ta wuce kima ta kamfanonin haƙar ma'adinai. Kamfanonin suka kashe fiye da dalar Ostireliya miliyan 20 wajen tallace-tallacen yaƙi da harajin.

Ranar 24 ga Yunin 2010 mataimakiyarsa Julia Gillard ta karɓi mulki. Mista Rudd bai ma tsaya takara ba, don ya ga ba shi da magoya baya a cikin 'yan majalisar. Madam Gillard ta ce gwamnati ce ta kirki da ta fara ɓatan kai.

Jama'a sun karɓi lamarin da zuciya biyu. Akwai murnar cewa a karon farko mace ta zama Firayim Minista. Akwai kuma ɗimbin masu zaɓe da suka kwanta da shugaba ɗaya suka tashi da wani, suna ganin wasu jiga-jigan jam'iyya da na ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ba a ko san fuskokinsu ba, sun soke zaɓin da suka yi a 2007. Hoton Mista Rudd yana hawaye a jawabinsa na ban-kwana ya ƙara masa tausayi, musamman a jiharsa ta Queensland. A zaɓen da aka yi ranar 21 ga Agusta, manyan ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki da kujeru 72 kowanne. Sai da Madam Gillard ta jawo ɗan majalisa ɗaya na Greens da 'yan indifenda uku kafin ta kafa gwamnati.

Harajin kabon

Kwanaki kaɗan kafin wancan zaɓe, Madam Gillard ta faɗa a talabijin cewa ba za a sa harajin kabon ba a ƙarƙashin gwamnatin da take jagoranta. Wannan jimla ɗaya ta bi ta har ƙarshen mulkinta. A watan Fabrairun 2011, bisa yarjejeniyar da ta ƙulla da Greens, ta sanar da cewa za a sa wa hayaƙi farashi.

Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2012. Manyan kamfanoni 'yan ɗaruruwa, galibi tashoshin wuta da masana'antu, za su biya dala 23 kan kowane tan na iskar kabon. An tsara farashin zai kasance a ƙayyade na shekaru uku, daga nan a bar wa kasuwa. Ma'aikatar kuɗi ta ƙiyasta cewa kuɗin wuta zai ƙaru da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma matsakaicin gida zai ƙara kashe dala 9.90 a mako, amma zai sami tallafin dala 10.10. An kuma ɗaga adadin kuɗin shigar da ba a biya wa haraji daga dala 6,000 zuwa 18,200 a shekara.

A takarda lissafin ya fita. A fagen siyasa kuwa babu wanda ya saurare shi. Mista Abbott ya riƙa zagaya masana'antu da shagunan mahauta yana kiran abin gagarumin sabon haraji a kan komai, har ya ce garin Whyalla mai masana'antar ƙarfe zai ɓace daga taswira. Sanata Barnaby Joyce na jam'iyyar National ya yi hasashen cewa gasasshen naman da iyali ke ci zai kai dala 100. Ko ɗaya daga cikin biyun bai faru ba.

Zanga-zangar da aka yi a gaban majalisa a watan Maris na 2011 ita ce ta fi tsaya wa mutane a rai. Mista Abbott ya yi jawabi a gaban kwalayen da ke kiran Firayim Ministar mayya da maƙaryaciya. A watan Agusta kuma direbobin manyan motoci suka yi jerin gwano zuwa Canberra suna neman a yi sabon zaɓe. Dubban masu goyon bayan dokar su ma sun fito a Sydney da Melbourne, sai dai iskar ta riga ta juya: a 2012 adadin masu cewa a ɗauki mataki nan take a ƙuri'ar Lowy ya sauko zuwa kashi 36.

Jam'iyyar Leba ta ga faɗuwa tana tafe, sai ta dawo da Mista Rudd a watan Yunin 2013 da ƙuri'a 57 da 45. Hakan bai hana Mista Abbott lashe zaɓen 7 ga Satumba ba. Ranar 17 ga Yulin 2014 majalisar dattawa ta soke dokar, gwamnati kuma ta yi alkawarin cewa kowane gida zai sami rangwamen dala 550 a shekara. Alƙaluma sun nuna hayaƙin da tashoshin wuta ke fitarwa ya ragu a shekaru biyun da dokar ta yi tana aiki, ya kuma sake hawa bayan an soke ta. A 2017, Peta Credlin, wadda ta shugabanci ma'aikatan ofishin Mista Abbott, ta amsa a talabijin cewa abin ba haraji ba ne a haƙiƙa, su ne suka mayar da shi haka don cin ribar siyasa.

Me ya sa wuta ta yi tsada?

Fushin jama'a yana da tushe, ko da an karkatar da shi. Hukumar kula da gasar kasuwanci da kare masu saye ta ƙasar ta bayyana a rahotonta na Yulin 2018 cewa farashin wutar gidaje ya ƙaru da kashi 56 cikin ɗari cikin shekaru goma, bayan an cire hauhawar farashi. Babban dalilin da ta gano shi ne maƙudan kuɗin da kamfanoni suka zuba a turaku da wayoyi da tashoshin rarraba wuta, fiye da abin da ake buƙata, suka kuma ɗora wa masu amfani da wutar.

Daga 2015 wani dalilin ya ƙaru. An fara fitar da iskar gas zuwa ƙasashen waje daga Gladstone a Queensland, abin da ya haɗa farashin cikin gida da na kasuwar duniya. Ga kuma tsofaffin tashoshin kwal da ke rufewa. Tashar Hazelwood a jihar Victoria, mai ƙarfin megawat 1,600, ta rufe a watan Maris na 2017 bayan sanarwar watanni biyar kacal. Masu zuba jari kuwa sun yi ta ƙorafin cewa ba za su gina sabuwar tashar da za ta yi shekaru 30 ko 40 tana aiki ba, alhali manufar gwamnati na sauyawa da kowane sabon Firayim Minista.

Turnbull, karo na biyu

Mista Abbott bai cika shekaru biyu ba. A watan Satumban 2015 Mista Turnbull ya kayar da shi da ƙuri'a 54 da 44. A wannan karon tattalin arziki da salon mulki ne suka fi tasiri, kuma don ya sami goyon baya sai da Mista Turnbull ya yi alkawarin ba zai taɓa manufar makamashin magabacinsa ba. A wancan lokaci ne jaridun ƙasar suka ruwaito cewa wasu ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya sun daina tambayar waɗanda suka ji rauni sunan Firayim Minista don gwada hankalinsu, saboda mai cikakkiyar lafiya ma yana iya kuskurewa.

Ranar 28 ga Satumban 2016 wata guguwa ta karya manyan turakun wuta fiye da 20 a jihar South Australia, jihar baki ɗaya, mai mutane kimanin miliyan 1.7, ta shiga duhu. Tun kafin a gama bincike 'yan siyasa suka ɗora laifin kan yawan dogaro da injinan iska. Binciken hukumar kula da kasuwar wuta ya nuna cewa guguwar ce mafari, amma yadda aka saita na'urorin kariya na wasu injinan iskar ya ƙara dagula lamarin, matsalar da aka gyara daga baya. A watan Fabrairun 2017 Mista Morrison ya shiga zauren majalisa riƙe da dunƙulen kwal, yana ce wa 'yan adawa kada su ji tsoronsa.

Mista Turnbull ya nemi mafita ta tsakiya. Shirinsa ya wajabta wa kamfanonin sayar da wuta abu biyu: su tabbatar da wadatar wuta a kowane lokaci, su kuma rage hayaƙin ɓangaren da kashi 26 cikin ɗari kafin 2030 idan aka kwatanta da 2005. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma sun yi na'am da shi. Sai dai rinjayen gwamnatin kujera ɗaya ce tak, kuma Mista Abbott da wasu tsirarun 'yan majalisa sun yi barazanar kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa. Ranar 20 ga Agustan 2018 Mista Turnbull ya cire batun rage hayaƙi daga shirin. Ja da bayan bai cece shi ba. Washegari ya sha da ƙyar a hannun Mista Dutton, 48 da 35, kwana uku bayan haka kuma ya sauka. Batu ɗaya ya raba shi da shugabancin jam'iyyarsa sau biyu, da tazarar kusan shekaru tara.

A wannan karon abin da ya fi bayyana a tsakanin jama'a shi ne gajiya da takaici. Tambayar da aka riƙa yi wa Mista Morrison, a majalisa da wajenta, ita ce me ya sa aka cire Mista Turnbull, kuma bai taɓa ba da amsar da ta gamsar ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Newspoll ta farko bayan sauyin ta ba jam'iyyar Leba kashi 56, gwamnati 44. A watan Oktoba masu zaɓe a mazaɓar Wentworth ta birnin Sydney, wadda Mista Turnbull ya bari, suka ba 'yar indifenda Dakta Kerryn Phelps kujerar, gwamnati ta rasa rinjayenta. A ƙarshen Nuwamba dubban ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa suka yi maci, duk da kiran Firayim Ministan cewa su koma karatu.

Jam'iyyun sun ɗauki darasi ɗaya. A watan Disamba jam'iyyar Liberal ta yi dokar cewa sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisarta za a iya tuɓe Firayim Ministan da ya ci zaɓe. Jam'iyyar Leba ta riga ta yi irin wannan tun 2013, da sharaɗin kashi 75 cikin ɗari.

Ƙasa ɗaya, ra'ayi biyu

Zaɓen Mayun 2019 ya ba masu hasashe kunya. Jam'iyyar Leba a ƙarƙashin Bill Shorten ta yi alkawarin rage hayaƙi da kashi 45 cikin ɗari, dukkan ƙuri'un jin ra'ayi kuma sun ba ta nasara, amma Mista Morrison ya ci. A Queensland, inda ake taƙaddama kan sabuwar mahaƙar kwal ta kamfanin Adani na Indiya, gwamnati ta kwashe kujeru 23 daga cikin 30. Ayarin motocin masu adawa da mahaƙar, wanda tsohon shugaban Greens Bob Brown ya jagoranta daga kudu, ya fusata mazauna garuruwan ma'adinai, waɗanda suka ga 'yan birni sun zo koya musu yadda za su rayu. A rana guda kuma, masu zaɓe na unguwannin masu hali a Sydney suka kayar da Tony Abbott a mazaɓar Warringah da ya riƙe shekaru 25, suka zaɓi Zali Steggall, wadda ta yi kamfe kan sauyin yanayi.

Sai gobarar daji ta ƙarshen 2019 da farkon 2020, wadda ta kashe mutane fiye da 30 ta kuma ƙone gidaje kimanin 3,000. Ana cikin wannan hali aka gano Mista Morrison ya tafi hutu Hawaii da iyalinsa. Uzurin da ya bayar a rediyo, cewa ai ba shi ke riƙe mesar kashe wuta ba, ya zame masa tabo. Da ya kai ziyara garin Cobargo a watan Janairu, wasu mazauna garin sun ƙi ba shi hannu, wasu suka yi masa ihu har ya bar wurin.

A watan Oktoban 2021, gab da taron Glasgow, gwamnatinsa ta amince da burin kawar da hayaƙi gaba ɗaya a lissafi kafin 2050. Ga masu zaɓe da yawa a birane, matakin ya zo a makare. A zaɓen 21 ga Mayun 2022 wasu mata shida 'yan indifenda suka ƙwace kujerun da aka daɗe ana ɗauka gadon jam'iyyar Liberal ne, ciki har da ta ministan kuɗi Josh Frydenberg a Melbourne. Anthony Albanese na Leba ya zama Firayim Minista, ko da yake jam'iyyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'un zaɓin farko ba.

Zamanin Albanese

Sabuwar gwamnatin ta sa burin rage hayaƙi da kashi 43 cikin ɗari kafin 2030 a cikin doka, ta kuma ce kashi 82 na wuta zai fito daga rana da iska da ruwa a wannan shekarar. Tun ba ta zauna da kyau ba, yaƙin Ukraine ya tayar da farashin kwal da gas, har hukumar kasuwar wuta ta dakatar da cinikin wuta na 'yan kwanaki a watan Yunin 2022. A Disamba aka ƙayyade farashin gas a dala 12 kan kowane gigajul, na kwal kuma dala 125 kan tan. Alkawarin da Mista Albanese ya yi cewa kuɗin wutar gidaje zai ragu da dala 275 kafin 2025 bai cika ba, sai gwamnati ta koma ba da tallafi, ciki har da dala 300 ga kowane gida a kasafin 2024.

Mista Dutton, wanda ya zama jagoran adawa, ya shiga zaɓen 2025 da shirin gina tashoshin nukiliya a wurare bakwai, a ƙasar da ta fi kowace arzikin yuraniyom amma dokarta ta haramta irin waɗannan tashoshi. Ranar 3 ga Mayu jam'iyyar Leba ta lashe kujeru 94 daga cikin 150, Mista Dutton ya rasa tasa kujerar, haka ma shugaban Greens Adam Bandt. Mista Albanese ya zama Firayim Minista na farko da ya ci zaɓe biyu a jere tun bayan John Howard a 2004.

A duk tsawon wannan ja-in-ja, magidanta sun riƙa yin nasu lissafin. Zuwa ƙarshen 2024 an kafa farantan sola a rufin gidaje da shaguna fiye da miliyan huɗu, kusan gida ɗaya cikin uku ke nan, yawancinsu don gudun tsadar wuta. Kwal kuwa bai tafi da saurin da aka zata ba: a 2024 an ɗage rufe tashar Eraring, mafi girma a ƙasar, daga 2025 zuwa 2027. A 2025 gwamnatin Leba ta amince babban aikin gas na North West Shelf ya ci gaba har 2070, abin da ya harzuƙa masu kare muhalli, a watan Satumba kuma ta sanar da burin rage hayaƙi da kashi 62 zuwa 70 cikin ɗari kafin 2035. A watan Nuwamban shekarar, jam'iyyun National da Liberal suka janye daga burin 2050 da su da kansu suka amince da shi shekaru huɗu kafin nan.